Yadda Ake Tsara Ƙungiyar Ƙwallon Amurka a Lokacin Hutu, Daga Lissafin Albashi Zuwa Daren Zaɓe

Da zarar an kammala Super Bowl, wato wasan ƙarshe na cin kofi, a watan Fabrairu, ba a sake buga wasan da ake ƙirga wa maki a NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka, sai Satumba, amma ofisoshin ƙungiyoyin nan 32 ba sa hutawa, domin a waɗannan watanni ne ake yanke shawarar wanda zai zauna, da wanda za a sallama, da wanda za a ɗauko. Matasanmu na Agege da Idi-Araba da Obalende da suka fara bin wannan wasa, wasu ta kallo a waya, wasu ta wasan Madden a shagunan PlayStation inda ake damƙa wa mutum ƙungiya ya riƙe ta kaka bayan kaka, sukan yi wannan aiki na manaja da kansu, ko a kan allo ko a takarda, sannan su kawo shi majalisa a yi ta musu. Wannan jagora domin su aka rubuta ta, kuma abin da take son tabbatarwa shi ne, nasarar daren zaɓe, wato daren da ƙungiyoyi ke fara ɗaukar sabbin 'yan wasa bi da bi, zagaye bayan zagaye, ana shirya ta ne tun watan Fabrairu da Maris.

Kafin komai, wanda ya taso da kallon Firimiya sai ya ajiye wasu abubuwan da ya saba da su. A nan ba a sayen ɗan wasa daga wata ƙungiya da tsabar kuɗi yadda ake yi a Turai, musaya ake yi, ɗan wasa da ɗan wasa, ko ɗan wasa da gurbin zaɓe. Ba a kuma korar ƙungiya zuwa ƙaramin rukuni don ta yi na ƙarshe. Hasali ma ita ake ba wa damar fara zaɓar sabbin 'yan wasan da suka fito daga jami'o'i, wadda ta ci kofi kuma ta zo a ƙarshen layi. Sannan akwai iyakar albashi wadda ta hau kan kowa daidai wa daida. An kafa ta a 1994 a kan dala miliyan 34.6, ta kai miliyan 255.4 a 2024, ta kuma kai miliyan 279.2 a 2025. Mai ƙungiya ko ya fi kowa arziki, ba shi da ikon ƙetare ta.

Fara da naka kafin ka leƙa na wani

Ka samu babbar takarda, kwali ma ya fi, ka rubuta matsayi 22 na masu fara wasa, 11 na kai hari da 11 na tsaro, ka ƙara da masu bugun ƙwallo da ƙafa guda biyu da mai miƙa musu ita. A ƙarƙashin kowane matsayi ka rubuta sunan mai shi da sunan wanda zai maye gurbinsa idan ya ji rauni, a gefen kowane suna kuma ka sa abu uku: shekarunsa, da shekarun da suka rage a kwantiraginsa, da abin da zai ci daga iyakar albashi a kaka mai zuwa. Ka yi amfani da biro kala uku. Shuɗi ga wanda za a gina ƙungiya a kansa, baƙi ga wanda yake riƙe aikinsa ba yabo ba fallasa, ja ga wanda ƙungiya ke neman madadinsa ko wanda kwantiraginsa ya ƙare. Idan ka gama ka ja da baya ka dubi kwalin, jan biro zai nuna maka inda ɓarakar take ba tare da kowa ya faɗa maka ba.

Daga nan sai tambayar da ta fi kowace wuya, wadda son ƙungiya ke hana mutane amsa ta da gaskiya: shin wannan ƙungiya ta isa neman kofi a bana, ko kuwa tana buƙatar shekara biyu ko uku tana gini? Amsar tana rataye ne a wuyan kwatabak, wato jagoran hari mai jefa ƙwallo. Los Angeles Rams sun ga cewa komai nasu ya kammala sai wannan matsayi, saboda haka a 2021 suka ba Detroit Lions kwatabak ɗinsu Jared Goff da gurbin zagayen farko guda biyu da na zagaye na uku guda ɗaya, suka karɓi Matthew Stafford, suka kuma ci kofi a Fabrairun 2022. Wannan ciniki ya yi daidai ne saboda ƙungiyar ta riga ta nuna. Da ƙungiyar da jan biro ya cika kwalinta ce ta yi shi, da ta sayar da gobenta a banza. Ka rubuta amsarka a saman kwalin da manyan baƙaƙe, domin duk shawarar da za ta biyo baya da ita za a auna ta.

Lissafin kuɗi

A nan ne mafi yawan tsare-tsare ke rushewa, saboda haka ya kamata a dakata a kansa. Abin da ɗan wasa ya sa a aljihu a shekara daban, abin da aka rubuta masa a littafin iyakar albashi daban. Albashin shekara yana hawa littafi gaba ɗaya a shekararsa, amma kuɗin sa hannu, ko da an biya shi a dunƙule rana ɗaya, ana raba shi ne daidai a kan shekarun kwantiragi, har zuwa shekara biyar. Mu ɗauka ka ba ɗan wasa kwantiragin shekara biyar da kuɗin sa hannu dala miliyan 20. Littafi zai riƙa ɗaukar miliyan 4 kowace shekara. Idan bayan shekara biyu ka ga ba ya yin abin da ka zata, ka sallame shi, ragowar miliyan 12 ɗin ba ta ɓacewa, a take za ta faɗo kan littafin wannan shekara, kana biyan wurin mutumin da ba ya cikin ƙungiyarka. Wannan shi ake kira mataccen kuɗi. Idan sallamar ta zo bayan 1 ga Yuni, ko aka yi mata rajista a matsayin haka, wanda doka ta yarje wa kowace ƙungiya ta yi wa mutum biyu a shekara, sai a raba nauyin gida biyu: miliyan 4 a bana, miliyan 8 a baɗi. Sauƙi ne na ɗan lokaci, amma bashin yana nan.

Denver Broncos sun ɗanɗana wannan a 2024 lokacin da suka rabu da Russell Wilson, suka ɗauki mataccen kuɗi na dala miliyan 85 wanda suka raba a kan shekara biyu. Cleveland Browns kuwa a 2022 sun ba da gurbin zagayen farko har guda uku suka ɗauko Deshaun Watson, suka kuma ba shi kwantiragin shekara biyar na dala miliyan 230 wanda aka lamunce masa gaba ɗayansa, ta yadda da abin bai yi kyau ba, babu ƙofar fita mai sauƙi. Darasin da ke ciki ga mai tsarawa shi ne, kada babban adadin da ake sanarwa a labarai ya ɗauke maka hankali. Ka nemi kuɗin da aka lamunce, ka kuma nemi shekarar farko da za ka iya rabuwa da mutum ba tare da ka karye ba. Nan ne ainihin tsawon kwantiragin.

Akwai dabarar da manajoji ke yi idan wuri ya ƙure, wato su mayar da albashin ɗan wasa na bana ya zama kuɗin sa hannu domin a shimfiɗa shi a kan shekaru masu zuwa. Halas ce a dokar gasar, kuma tana da amfani ga matashin tauraro wanda ka tabbata zai daɗe tare da kai. A ra'ayina kuskure ne babba a yi wa wanda ya haura shekara 30 haka sau biyu a jere, domin ranar da ƙafarsa ta gaji, kai ne za ka tarar da tulin mataccen kuɗi yana jiranka. Bayan ka gama duk wannan lissafi, ka ware kason sabbin 'yan wasan da za ka zaɓa, ka kuma ware wani abu na ko-ta-kwana saboda raunin da ba makawa sai ya zo a kakar wasanni 17. Abin da ya rage bayan haka shi ne kuɗin cefanenka na gaskiya. Idan ba ka kashe shi duka ba, doka ta yarda ka tsallake da ragowar zuwa shekara mai zuwa.

Game da naka 'yan wasan da kwantiraginsu ya ƙare, wanda ya cika kaka huɗu yana da 'yancin tafiya duk inda ya so, wanda ya cika uku kuma kana da damar daidaita tayin da wani ya yi masa ka riƙe shi. Kana da hatimin riƙewa guda ɗaya a shekara, wanda ke ɗaure tauraro shekara guda a kan albashin da ake lissafawa daga na manyan masu matsayinsa guda biyar, ko kashi 120 cikin 100 na albashinsa na bara, duk wanda ya fi yawa. Yana da tsada, kuma yakan ɓata wa ɗan wasa rai, don haka ka ɗauke shi a matsayin hanyar sayen lokaci kafin a cimma doguwar yarjejeniya.

Kasuwar Maris

A tsakiyar Maris sabuwar shekarar gasar ke buɗewa, bayan kwana biyu da aka ware domin tattaunawa da wakilan 'yan wasa. Duk wanda ya san kasuwar Mile 12 ta Legas ya san cewa farashin kwandon tumatir lokacin da ake rububi a bakin mota ba shi ne farashinsa ba bayan masu gaggawa sun watse, kuma haka wannan kasuwa take. A kwanakin farko ake biyan ɗan wasa mai matsakaicin ƙwazo kuɗin gwani, saboda ainihin gwanayen ƙungiyoyinsu ba su cika barinsu su fito kasuwa ba. Bayan mako ɗaya ko biyu sai farashi ya sauka, a samu gogaggun 'yan wasa da za su karɓi kwantiragin shekara ɗaya ko biyu.

Aikinka a nan shi ne ka toshe kowace jar ɓaraka da mutumin da zai iya fara wasa ba tare da ya ba ka kunya ba, ko da ba tauraro ba ne. Ba a fafe gora ranar tafiya. Manajan da ya shiga daren zaɓe ba shi da mai tsaron gefe ko ɗaya, wato mai hana abokan hamayya karɓar jifa, dole ta sa ya ɗauki mai tsaron gefe ko da akwai wanda ya fi shi nesa ba kusa ba a wani matsayi, kuma sauran manajoji sun san halin da yake ciki, za su tsauwala masa idan ya nemi musaya. Ba ana nufin kada a taɓa kashe babban kuɗi ba. Philadelphia Eagles sun ɗauko Saquon Barkley a 2024, ya yi gudun yadi 2,005 a kakar, suka ci kofi a Fabrairun 2025, sai dai sun ɗauko shi ne bayan sun riga sun gina katangar gaba mai ƙarfi, wato jerin ƙartin da ke tare 'yan tsaron abokan hamayya, da ke buɗe masa hanya.

Ka kuma riƙa tunawa da guraben diyya. Ƙungiyar da ta rasa 'yantattun 'yan wasa masu daraja fiye da waɗanda ta ɗauko, gasar takan ba ta ƙarin gurbin zaɓe a shekara mai zuwa, tsakanin zagaye na uku da na bakwai, har zuwa guda huɗu. Ɗan wasan da ƙungiyarsa ta sallama da kanta ba ya shiga wannan lissafi, saboda haka ɗaukarsa ba ta rage maka diyya. Baltimore Ravens sun daɗe suna cin moriyar wannan tsari, suna barin wasu su tafi, suna tara gurabe.

Allon zaɓe

Zaɓen yana da zagaye bakwai, ana yin sa cikin kwana uku a ƙarshen Afrilu, daga Alhamis zuwa Asabar, kuma ɗan wasa ba ya shiga sai ya cika shekara uku da gama sakandare. Darajarsa ga mai tsarawa ta samo asali ne daga yarjejeniyar 2011 tsakanin gasar da ƙungiyar 'yan wasa, wadda ta ƙayyade albashin sababbi. A 2010 Sam Bradford, wanda aka fara zaɓa, ya sa hannu a kan dala miliyan 78 na shekara shida. Shekara ɗaya bayan haka Cam Newton, shi ma na farko, ya samu miliyan 22 na shekara huɗu. Tun daga lokacin, duk wanda aka zaɓa yana zuwa da kwantiragin shekara huɗu mai rahusa, na zagayen farko kuma ƙungiya tana da zaɓin ƙara masa ta biyar. Wannan ya sa ya fi dacewa a kashe manyan gurabe a kan matsayin da suka fi tsada a kasuwa: kwatabak, da mai farautar kwatabak, da mai kare gefen katangar gaba, da mai karɓar jifa, da mai tsaron gefe. Idan ka dace da gwani a ɗaya daga cikin waɗannan, ka samu aikin da ake biyan miliyoyi masu yawa a kansa da ɗan kuɗi kaɗan, rarar kuma ta tafi wani wuri.

Wajen jera sunaye, ka kasa su rukuni-rukuni maimakon dogon layi daga na ɗaya zuwa na ɗari. Rukunin farko waɗanda za su iya sauya ƙungiya, na biyu waɗanda za su fara wasa tun shekarar farko, na uku waɗanda ke buƙatar reno. Tsakanin rukuni da rukuni, gwaninta ce ke da magana; a cikin rukuni ɗaya kuwa, sai ka bar buƙatar ƙungiya ta raba gardama. Ka ɗora hukuncinka a kan wasannin da yaro ya buga a jami'a, musamman waɗanda ya kara da manyan abokan hamayya. Gwajin da ake yi a Indianapolis a ƙarshen Fabrairu, inda ake auna gudun yadi 40 da tsalle da ɗaga ƙarfe, yana da amfani wajen tabbatar da abin da ido ya riga ya gani, kuma binciken likitoci da ganawa da yaran da ake yi a can sun fi agogon gudu muhimmanci. A 2017 John Ross ya yi gudun yadi 40 cikin daƙiƙa 4.22, Cincinnati Bengals suka ɗauke shi a gurbi na 9, rauni ya dabaibaye shi bai kai inda aka zata ba. A gurbi na 10 Kansas City Chiefs, waɗanda suka hauro daga na 27, suka ɗauki Patrick Mahomes.

Wannan misali na Mahomes shi ne hujjar masu son haurowa sama, kuma hujja ce mai ƙarfi idan maganar kwatabak ake yi. Amma a ajiye shi kusa da na San Francisco 49ers, waɗanda a 2021 suka hauro daga gurbi na 12 zuwa na 3, suka ba da zagayen farko na 2022 da na 2023 da wani na zagaye na uku domin Trey Lance. Wasa huɗu kawai ya fara musu kafin su miƙa shi ga Dallas Cowboys a kan gurbin zagaye na huɗu. Wanda ya kai su Super Bowl a Fabrairun 2024 shi ne Brock Purdy, mutum na 262 kuma na ƙarshe da aka zaɓa a 2022. Tom Brady ma a gurbi na 199 aka ɗauke shi a shekarar 2000. Masana biyu, Cade Massey da Richard Thaler, sun nazarci zaɓukan shekaru masu yawa suka gano cewa ƙungiyoyi suna yi wa guraben sama tsadar da ta wuce amfaninsu, saboda sun cika amincewa da ganinsu. Ni ina tare da wannan ra'ayi: ban da neman kwatabak, saukowa ƙasa a tara gurabe ya fi haurowa, domin mai jifa sau goma ya fi mai jifa sau biyar damar samu.

Domin auna musaya, akwai tsohon jadawalin maki da ake dangantawa da Jimmy Johnson tun zamaninsa a Dallas. Gurbi na 1 maki 3,000 ne, na 10 maki 1,300, na 16 maki 1,000, na 33 kuma 580. Mai son tashi daga na 16 zuwa na 10 sai ya cike giɓin maki 300, wato kimanin gurbi na 60 a zagaye na biyu. Ƙungiyoyi da yawa suna da nasu sababbin jadawalai yanzu, amma wannan ya isa ya nuna maka ko ana neman cutarka.

Zagayen farko yakan fara da ƙarfe takwas na dare a gabashin Amurka, wato ƙarfe ɗaya na dare a Legas, lokacin da unguwa ta yi shiru sai ƙarar janareta, kuma mintuna kaɗan ake ba kowace ƙungiya. Ko a ofishin gaske ko a benci gaban shago da waya a hannu, wannan ba lokacin sabon tunani ba ne. Kafin daren ka rubuta sunaye uku da za ka yi farin ciki da kowannensu a gurbinka, ka rubuta abin da za ka karɓa idan an nemi ka sauko, ka kuma rubuta iyakar abin da za ka bayar idan wani daga rukunin farko ya zamo kusa da kai. A rana ta uku, daga zagaye na huɗu zuwa na bakwai, ka nemi yaro mai baiwa ɗaya fitacciya da koci zai iya ginawa a kai, ko wanda zai yi aiki a rukunin bugun ƙwallo tun ranar farko, domin ta nan yawancinsu ke samun wurin zama. Eagles sun ɗauki Jordan Mailata a zagaye na bakwai a 2018, ɗan wasan rugby daga Ostareliya wanda bai taɓa buga wannan wasa ba, suka rene shi har ya zama ginshiƙin katangarsu.

Wannan hanya ta reno ta shafe mu kai tsaye. Tun 2017 gasar ke da shirin shigo da 'yan wasa daga wajen Amurka, kuma Osi Umenyiora, wanda ya ci kofi sau biyu da New York Giants, ya daɗe yana zaƙulo matasa a Najeriya domin wannan shiri. Daga 2024 kowace ƙungiya tana da ƙarin wuri guda a rukunin atisaye, wato 'yan ko-ta-kwana da ke horo tare da ƙungiya, domin irin wannan ɗan wasa, bayan mutum 16 da aka saba. Wuri ne da ba ya rage maka kowa, saboda haka bai kamata tsarinka ya bar shi fanko ba.

Da an kira suna na ƙarshe ranar Asabar, sai a shiga rububin waɗanda ba a zaɓa ba, kuma ta wannan ƙofa Kurt Warner da Antonio Gates suka shigo gasar. Ka tanadi jerin sunayensu tun da wuri, ka fara da matsayin da benci ya fi rauni, domin yaro mai hankali yakan zaɓi inda yake ganin zai samu shiga. Za ka tafi sansanin horo da mutum 90, a ƙarshen Agusta kuma dole ka rage su zuwa 53. A ranar ragewar ka bar wuri ɗaya ko biyu a buɗe, saboda sauran ƙungiyoyi 31 su ma suna sakin mutane, kuma matasan da aka saki ana neman su ne bisa layi, wanda ke bin tsarin zaɓen Afrilu, ta yadda ƙungiyar da ta sha kashi bara ita ke da damar fara ɗauka.